Kafin Sabon Malami Ya Ɗauki Alli

Kowace shekara Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola, wadda aka kafa tun 1974, da takwararta ta jiha da ke Hong suna yaye ɗaruruwan matasa masu takardar NCE, mafi ƙarancin shaidar da manufar ilimi ta ƙasa ta yarda a shiga aji da ita. Wanda Allah ya ci da shi ya sami aiki, sai a tura shi wata firamare a Doubeli ko Jambutu ko Luggere, ko can cikin garin Yola wajen Wuro Hausa, a miƙa masa rajista da alli da kwafin manhaja, a nuna masa ƙofar aji. Abin da ya fi ƙwarewa a kai daga kwaleji shi ne rubuta shirin darasi: kwanan wata, aji, batu, manufa, gabatarwa, mataki na ɗaya, na biyu, na uku, aunawa, kammalawa. Zai rubuta da kyakkyawan hannu, hedimasta ya sa hannu da jan biro ranar Litinin, kowa ya ɗauka aiki ya kammala. A ganina wannan takarda, duk da amfaninta, ba ta isa a kira ta shiri ba. Shiri na haƙiƙa yana farawa ne da sanin abin da yaran da ke zaune a gabanka suka iya da abin da ya gagare su. Riƙon aji kuwa, har da natsuwar da kowane sabon malami yake buri, daga wannan sanin yake tasowa, ba daga ƙarfin murya ko kaurin bulala ba.

Dalilin da ya sa maganar ta fi nauyi a Yola da Jimeta shi ne irin yaran da ke cikin ajin. Manhaja an rubuta ta ne da tunanin cewa duk ɗan aji huɗu ya wuce aji uku da abin da ke cikinsa, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A makarantun gwamnati da yawa na cikin Jimeta adadin ya ninka haka, wasu yaran a kan benci, wasu a ƙasa. Ba yawan ne kaɗai matsalar ba. A aji guda akwai wanda Fulatanci ake yi a gidansu, akwai mai Bachama, mai Kilba, mai Margi, mai Higi, mai Chamba, sai Hausa ta haɗa su a filin wasa da kasuwa. Tun da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a watan Oktoban 2014, dubban iyalai daga Madagali da Michika da kudancin Borno suka kwararo Yola, wasu suka zauna a sansanonin Malkohi da Damare da harabar Cocin St. Theresa, mafi yawa kuma suka shige gidajen 'yan uwa, da yawa ba su koma ba. Ga ambaliya, irin ta 2012 da ta 2022 da wadda ta afka wa unguwannin Yola ta Kudu a watan Yulin 2025, wadda kan raba yaro da littattafansa da makonni na karatu. Ga kuma wanda sai da ya kai shekara goma aka sa shi boko, aka dubi tsawonsa aka ajiye shi aji uku. Saboda haka abin da aka rubuta a ƙofa "aji huɗu" ne, amma a ciki akwai mai karanta labari ya ba ka ma'anarsa, akwai kuma wanda bai bambanta b da d ba. Malamin da ya shirya darasi ɗaya don wani ɗan aji huɗu da ke cikin manhaja kawai, yara goma na gaba yake koyarwa, sauran suna kallon bakinsa.

Don haka makon farko bai kamata ya tafi a kwafar rubutu daga allo ba. Makon awo ne. Malam ya sami kwali guda, ya rubuta baƙaƙe goma a gefe, kalmomi goma masu sauƙi irin su rana da gida da tulu, sai ɗan sakin layi mai jimla huɗu, sai gajeren labari. Ya ba sauran aji aikin da za su yi shiru, ya riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya zuwa teburinsa. A fara da sakin layin. Wanda ya wuce a kai shi labari, wanda ya cije a sauko da shi kalmomi, in sun gagara a sauko baƙaƙe. A gaban sunan kowa cikin wani littafi na dabam, malam ya rubuta inda ya tsaya. Haka za a yi wa lissafi: gane lamba, tarawa, ɗebewa, rabawa. In yaro ɗaya ya ci minti uku, aji mai yara 80 zai ci awa huɗu, a raba su cikin kwana biyar. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Ita ce tushen tsarin da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta gina, na koyar da yaro daidai matakin da yake, wanda Abhijit Banerjee da Esther Duflo, masu lambar Nobel ta 2019, suka yi shekaru suna gwadawa tare da abokan aikinsu, aka ga yaran da aka raba bisa iyawarsu na ɗan lokaci kowace rana suna kama karatu da sauri. An fara gwada tsarin a Borno a 2018, daga baya ya shiga Kano da wasu jihohi. Sabon malami ba ya bukatar jiran wata ƙungiya ta zo da mota da fosta kafin ya yi wannan awo. Kwali da biro sun wadatar.

Mu ma ai mun san wannan tun kafin Indiya ta tuna mana. Yola gari ne da malami ya kafa, domin Modibbo Adama ya yi zurfi a karatu kafin ya karɓi tuta, kuma a 1841 ya zauna a nan. Makarantar allon da ke zauren unguwa, wadda 'yan boko kan raina, tana riƙe da ƙa'idar da ajin zamani ya saki. Almajirai hamsin na zaune, amma kowa da inda allonsa ya tsaya. Ba a yi wa yaro ƙari sai ya zo gaban malam ya biya, ba ya wanke allo sai karatun ya zauna, kuma manyan almajirai suna biya wa ƙanana. Makarantar allo tana da nata matsaloli, ba a musun haka, kuma haddar nassi dabam take da fahimtar lissafi. Amma malamin allo ba ya taɓa cewa ya gama sura alhali ɗalibi bai iya ta ba. Malamin boko ne kaɗai ke iya cewa ya gama manhajar zango, ajinsa kuwa rabi ba sa iya karanta abin da suka kwafa.

Bayan awo sai shirin darasin kansa, kuma nan ne ya kamata a fi daɗewa. Tambayar farko da malam zai yi wa kansa da daddare ita ce, me yaro zai iya yi da hannunsa ko bakinsa bayan minti talatin da biyar wanda bai iya ba da safe? Ta biyu, a ina zai yi tuntuɓe? Ɗauki ɗebewa mai aro, a ce 52 a ɗebe 17. Malamin da ya zauna ya yi lissafin da kansa, yana tunani irin na yaro, zai hango cewa da yawa za su rubuta 45, domin yaro yana ganin 2 da 7 sai ya cire ƙarami daga babba ya sami 5, ya cire 1 daga 5 ya sami 4. Wannan kuskure ba wauta ba ce, ƙa'ida ce da yaron ya ƙirƙira wa kansa, kuma maimaita bayani da ƙarfi ba ya rushe ta. Malamin da ya hango haka zai zo da tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma, ɗauri biyar da tsinke biyu a warwatse. Zai ce wa wata yarinya ta ba shi tsinke bakwai daga biyun nan. Za ta ga ba hali. Sai wani daga baya ya ce a kwance ɗauri ɗaya. A kwance, tsinke ya zama goma sha biyu, ɗauri ya koma huɗu, a cire bakwai, a cire ɗauri guda, a ƙirga abin da ya rage a ga 35. Daga nan ne za a koma allo a rubuta abin da hannu ya riga ya yi. Malam ya yi misali biyu yana faɗin tunaninsa a fili, a yi uku tare, sannan kowa ya yi biyar shi kaɗai. Duk wannan bai fi rabin shafi ba a rubuce, amma ya fi shafi uku na manufofin da aka kwafo daga littafin wani. Akwai kuma gaskiya mai ɗaci a nan: ba ka hango tuntuɓen yaro a hanyar da kai ma ba ka sani ba. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malamai 21,780 sun kasa cin jarrabawar da aka tsara a matakin aji huɗu. An yi ta gardama a kan yadda aka yi jarrabawar da korar da ta biyo baya, amma darasin da ke ciki ga sabon malami a bayyane yake. Duk lissafin da zai ba yara, ya fara yin sa da kansa. Duk shafin da za a karanta, ya karanta shi da murya a ɗakinsa. In abu ya shige masa duhu, ya tambayi malamin da ya riga shi, babu abin kunya a ciki.

A cikin aji kuwa, babu abin da ke yaudarar sabon malami kamar amsar taro. Ya gama bayani, ya juyo ya ce, "Kun gane?" Aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Mun gane, malam!" Yaranmu an tarbiyyantar da su a kan kada su ba babba kunya, kuma wanda bai gane ba ya fi kowa ɗaga murya don kada a lura da shi. Haka ma maimaitawa a tare: murya tamanin na tashi, amma bakin goma ne ke jan karatun, sauran suna bin amo. Maganin shi ne malam ya daina tambayar ko an gane, ya sa a nuna masa. Kowa ya rubuta amsa a ɗan allo ko bayan littafi, a ɗaga sama a lokaci ɗaya, malam ya zagaya da ido ya ga 35 nawa ne, 45 nawa ne. In zai yi tambayar baki, ya yi ta ga kowa tukuna, ya dakata, sannan ya kira suna, kuma kada sunan ya tsaya ga masu ɗaga hannu. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna a farkon shekarun 1970 ta ga malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya tak bayan tambaya, kuma da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka yi tsawo, yaran da ba sa magana suka fara magana. In haka ne ga yaron da ake tambaya da harshen gidansu, ina ga yarinyar da za ta ji tambaya da Turanci, ta juya ta zuwa Hausa, wataƙila ma zuwa Fulatanci, sannan ta nemo amsa ta dawo da ita? Irin waɗannan yara, musamman mata da ke zama can baya kusa da bango, su ne ake rubuta wa "ba ta da ƙoƙari" a katin sakamako, alhali lokaci ne ba a ba su ba.

Za a ce duk wannan daɗin baki ne, aji mai yara tamanin ba ya zama sai da bulala, kuma tsofaffin malamai da yawa haka za su gaya wa sabo tun ranar farko: ka nuna musu zafi, in ba haka ba su hau kanka. Ban raina wannan magana ba, domin masu yin ta sun san wahalar aji, kuma gaskiya ne malamin da ya shigo yana neman yara su so shi zai sha wuya. Amma a duba lokacin da surutu ke tashi. Yana tashi ne sa'ad da malam ya juya baya yana cika allo da rubutu na minti goma sha biyar, ko yana laluben shafi, ko ya aiki monita neman alli, ko ya ba da aikin da rabin aji ba su san ta inda za su fara ba. Yaron da ba ya iya karanta abin da ke allo, me zai yi in ba tsokanar na kusa da shi ba? Jacob Kounin, wanda ya ɗauki hotunan bidiyo na azuzuwa masu yawa ya fitar da sakamakonsa a 1970, ya gano cewa malaman da ajinsu ke zaune lafiya ba su bambanta da sauran ba wajen irin hukuncin da suke yi bayan an yi laifi. Bambancin yana wajen hana laifin faruwa: idonsu na kan kowane lungu, darasi ba ya tsayawa, kowa na da abin yi. Bulala da tsallen kwaɗo suna kawo shiru, amma shiru ne na tsoro, kuma yaron da ke tsoro ba zai taɓa ɗaga allonsa ya nuna maka 45 ɗinsa ba, zai ɓoye. A garin da wasu iyalai suka tsero cikinsa daga harbi da ƙone-ƙone, ƙara wa yaro firgici a aji ba ƙaramin zalunci ba ne. Abin da ke aiki shi ne ƙa'idoji kaɗan da ba sa canzawa: yadda ake shiga, yadda ake raba littattafai, alamar da malam zai yi kowa ya yi tsit, da hukunci mai sauƙi wanda ake zartarwa kullum ba tare da fushi ko zagi ba. Sai riƙe sunaye, domin "kai mai jar hula" ba ya tsayar da yaro kamar a kira shi da sunansa. Yanayin gari ma yana cikin lissafi. A watan Maris da Afrilu zafin Yola kan haura digiri 40, kuma a ƙarƙashin rufin kwano marar silin, abin da bai shiga kai kafin a fita tara ba da wuya ya shiga da azahar. Duk inda jadawali ya ba da dama, sabon abu mai wuya da safe, bita da aikin hannu da rana.

Batun harshe ya fi ƙarfin malami ɗaya. A watan Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen gida a duk shekarun firamare, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da komawa Turanci. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Ko wace manufa ce ke aiki, babu wadda ta hana malam ya tabbatar yaro ya fahimta. Ya yi bayani da harshen da yara ke ji, ya ba su kalmar Turancin, su faɗa, su rubuta, su yi amfani da ita. Sai dai a Adamawa akwai ƙarin hattara: ba kowane yaro ne Hausa ta zauna wa ba, musamman sabon zuwa daga ƙauye. A zaunar da shi kusa da mai jin yarensu.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na manhaja. Hedimasta zai duba littafin aikin mako, masu sa ido daga ofishin ilimi za su tambayi inda aka kai, jarrabawar ƙarshen zango kuma daga manhaja za a ciro ta. Sabon malami da bai ma sami tabbacin aiki ba, yaya zai ce ya tsaya koyar da baƙi da wasali a aji huɗu? Amsata ita ce ba a ce ya jefar da manhaja ba. Ya ware wani yanki na kowace rana, ko da rabin awa ne, ya raba aji gida uku bisa awon da ya yi, masu baƙaƙe, masu kalmomi, masu labari, ya zauna da na ƙasa, na sama su karanta wa juna. Sauran lokaci a bi manhaja, a fi ba da ƙarfi ga batutuwan da wasu ke ginuwa a kansu. Kuma ya kai wa hedimasta littafin awon tun makon farko. Shugaban da ya ga a rubuce cewa yara kaza cikin ajinsa ba sa haɗa baƙi, da wuya ya hana a gyara. A kuma tuna cewa yaron da ba ya karatu ba zai ci jarrabawar ba ko an gama manhajar sau biyu, kuma kuɗin WAEC da NECO da gwamnatin jiha ke biya wa ɗalibai ba za su haifi komai ba ga wanda ya isa ajin ƙarshe na sakandare bai iya karanta tambaya ba. Kwamitin masanan da Bankin Duniya da UNICEF da gwamnatin Birtaniya suka kafa, a rahotonsa na 2023, ya sa koyarwa daidai matakin yaro da kuma tsararren darasi mai jagorar malami cikin abubuwan da suka fi biyan kuɗinsu a harkar ilimi.

Saura maganar da ba ta da daɗin ji. Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, wanda ke sayar da kati ko tuƙa Keke Napep bayan an tashi, ko malamar da girki da raino ke jiranta, da wane ƙarfi za su zauna da daddare suna ɗaure tsinke? Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma zalunci ne a ɗora wa sabon malami nauyin da hukuma ta sauke. Abin da zan ce kawai shi ne irin shirin da nake magana a kai bai fi wanda ake yi yanzu cin lokaci ba, sauya wurin da lokacin ke tafiya ne: a rage kwafar shafuka don sa hannu, a ƙara tunani a kan inda yaro zai cije. Malamai uku masu aji ɗaya za su iya raba darussan mako a tsakaninsu. Sauran nauyin kuma na manya ne. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sakatarorin ilimi na Yola ta Arewa da Yola ta Kudu suna iya wajabta cewa duk sabon malami a haɗa shi da gogagge a zangonsa na farko, ya shiga ajinsa ya kalla, shi ma a shigo nasa a kalla. Hedimasta ya rage zama a ofis da jan biro, ya zauna a bencin baya na minti ashirin, bayan an tashi ya faɗa wa malam abu ɗaya da zai gyara gobe, a keɓe, ba a gaban yara ba. Kwalejojin Yola da Hong, lokacin da suke tura ɗalibai gwajin koyarwa, su nemi kowa ya dawo da sakamakon awon ajin da ya riƙe, na farkon zuwansa da na ranar tafiyarsa, a ba shi maki a kan wannan tare da tsabtar rubutunsa. Littafin awon kuma ya zama kayan makaranta, a sabunta shi ƙarshen kowane zango, a miƙa shi ga malamin aji na gaba tare da rajista idan shekara ta ƙare.